Yadda ake daukar hoton CT na jijiyoyin huhu a karo daya, ba sai an maimaita ba

Tun randa nayi korafi akan yawan maimaita hoton CT na jijiyoyin huhu, wato wanda muke kira CTPA, abokan aiki da dalibai masu zuwa koyon aiki suketa tambayata wai to ya akeyi hoton ya fito tun karon farko. Wasu ma cewa sukayi ai laifin inji ne, namu tsoho ne. Toh inji nada nasa kason, amma ni dai abinda na gani a dakin CT shine yawancin hoton da ya baci tun kafin a danna maballi ya baci, ko a wajen kanula, wato siririn bututun da ake sakawa a jijiya don yin allura, ko a wajen numfashi. Shiyasa zakuga na dade a wadannan wurare biyun, sauran kuma na bi ta kansu da sauri.

Kuma maimaici ba karamar asara bace. Mara lafiya ya sha hasken inji sau biyu a kirji, kodarsa ta dauki kontiras, wato ruwan allurar da ke haska jijiyoyi a hoto, sau biyu cikin awa daya, an fasa wata kwalbar an bude wani sirinjin injekta, injin da ke tura ruwan cikin jijiya, ga dizal na ci ga layi a waje, sannan a tsaya ana jayayya waye zai biya na biyun alhali bawan Allahn nan watakila akuya aka sayar aka kawoshi.

1. Fara duba takardar likita

Kafin ka kira mara lafiya ka karanta me aka rubuta. Ana neman gudan jini ne a jijiyar huhu, toh me yasa ake zarginsa? Likitoci nada ma'aunin Wells: alamar gudan jini a kafa maki 3, in babu wata cuta da tafi wannan dacewa da alamomin maki 3, bugun zuciya sama da 100 maki 1.5, tiyata cikin sati 4 ko kwanciya ta kwana 3 zuwa sama maki 1.5, ya taba samun gudan jini maki 1.5, tarin jini maki 1, ciwon daji wato kansa maki 1. In jimla ta haura 4 sai CT kai tsaye. In 4 ce ko kasa ana fara gwajin jini na di-daima, wanda ke nuna alamar daskarewar jini a jiki, in ya fito kasa da 500 an huta da hoton gaba daya. Wanda ya wuce shekara 50 kuma ana ninka shekarunsa da 10, dan 70 kenan iyakarsa 700.

Ba kai zaka yanke ba, amma ba laifi bane ka daga waya kace ranka ya dade dakta, naga ba'a rubuta Wells ko di-daima ba, anyi? Da ladabi dai. Da yawa zasu gode maka.

Sai tambaya ta biyu wacce ake mantawa: an taba yi masa wannan hoton a wani wuri kwanan nan? Sau nawa ake turo mutum daga wata cibiya da fim kwaya daya a leda, ace a sake saboda babu faifai. Ka tura dan uwansa ya karbo faifan, kudin mota bai kai kudin hoto ba. Haka wanda aka riga aka gano gudan jinin yana kan maganin tsinka jini, ba'a sake masa CT don kawai a gani ko ya narke. Ka'idar kungiyar likitocin zuciya ta Turai ta 2019 cewa tayi a duba shi bayan wata 3 zuwa 6, in har yanzu yana haki sai a fara da eko, wato sikanin na zuciya.

Hattara: di-daima na hawa a mai ciki, mai sikila, wanda akayiwa tiyata, mai kansa ko mai zazzafan ciwo. Hawansa baya nufin akwai gudan jini, saukarsa ce take da amfani.

2. Tambayoyi biyar kafin ya kwanta

Koda: a duba kiriyatinin da eGFR, wato gwajin aikin koda, in akwai dalili, eGFR kasa da 30 sai an yi magana da likita. Magani: mai shan metformin, maganin ciwon suga, da kodarsa ta taba, ana tsayar masa na awa 48 bayan kontiras. Ko jikinsa ya taba kin kontiras a baya. Ciki ko jego. Sai nauyi, kuma ka dora shi a sikeli kar kayi kiyasi da ido, babbar riga da hijabi na boye abubuwa da yawa, kuma da nauyin nan zaka zabi kVp, wato karfin hasken inji, da yawan ruwan kontiras.

Ni ina kara ta shida, ina tambaya ko zuciyarsa na da rauni, dalilin na nan a mataki na 9.

3. Hada kaya

Injekta mai kai biyu in akwai, daya kontiras daya ruwan gishiri. Kontiras mai karfi, 350 ko 370, irinsu Omnipaque 350 ko Ultravist 370. Ka dumama shi zuwa digiri 37, don in yayi sanyi kauri yakeyi kamar zuma a hunturu, injekta ta kai iyakar matsinta ta rage gudu da kanta ba tare da ka lura ba, musamman dakin da esi ke kadawa dare da rana. Kanula kore da ruwan hoda, filasta, iskar oksijin a kusa, da tiren gaggawa mai adirenalin.

A wajen kudi, abinda ke cin aljihu shine kwalbar kontiras da sirinjin injekta da layinsa. Kanula ce mafi araha a duka kayan nan kuma ita tafi bata hoto, don haka kar a yi rowar kanula.

Hattara: ka tabbatar da wuta. In kasan lokacin canjawa daga NEPA zuwa janareta ya kusa, ko batirin UPS dinku ya gaji, ka jira. Wuta ta dauke ana tsakiyar allura shikenan kontiras ya tafi a banza.

Hattara ta biyu: in babu injekta kwata-kwata, gaskiya ita ce hannu baya iya rike mil 4 a dakika daga farko har karshe. Gara a tura mara lafiya inda akeda ita da a karbi kudinsa a bashi hoton da ba zai amsa tambaya ba.

4. Kanula

Nan ne rabin aikin. Abinda ake so kore ce, lamba 18, a lankwasar gwiwar hannu inda jijiya ke da fadi. In bata samu ba ruwan hoda lamba 20 ma tana yi in jijiyar mai kyau ce. Shudiya lamba 22 a bayan hannu ba ta wannan aikin bace, ko kontiras ya fasa jijiya ko ya iso huhu a tsinke.

Hannun dama yafi. Jinin hannun hagu sai ya ratsa wata doguwar jijiya da ta gitta bayan kashin kirji kafin ya kai babbar jijiyar sama, kuma a wasu mutane tana matsewa a nan, ruwan ya rika tsayawa yana komawa ta kananan hanyoyi. Ta dama hanyar gajera ce. Amma in ta dama sirriya ce ta hagu kuma tayi bul-bul, dauki ta hagu, kyan jijiya ya fi bangare muhimmanci.

Kanular da aka zo da ita daga wod kar ka yarda da ita don kawai an ce tana aiki. Tana aiki da dirip mai diga a hankali, wannan daban. Ka gwada da ruwan gishiri mil 10 zuwa 20 da karfi, in injektarku na bada dama ka gwada da irin gudun da zakayi allurar dashi, hannunka akan jijiyar kana jin wucewar ruwan, idonka akan fuskar mara lafiya. Ya yamutsa fuska, ko wurin ya tasa, ko kaji turjiya, cire ka saka sabuwa. Kuma gwajin nan ka yi shi bayan ya daga hannu sama a yadda za'a dauki hoton, don kanula na iya gudu lafiya hannu na kasa, ana dagawa ta lankwashe.

Kananan abubuwa da suka taba kunyata mu duka, ba wanda zai ce bai taba ba: an manta ba'a kwance robar daure hannu ba, abin awon jini na daure a wannan hannun ya hura kansa ana tsakiyar allura, makullin layi a rufe, mahadi bai dauru ba kontiras ya tsiyaye a katifa. Na taba tsayawa ina kallon da'ira a allo, wacce ke nuna isowar kontiras, dakika talatin babu abinda ya iso, ashe duk ruwan na kan zanin gado. Tun daga ranar nake bin layin da yatsa daga sirinji har fata kafin in fita daga dakin, kuma a nan ne ake ganin kumfar iska in akwai.

Hattara: layin da ke wuya ko kirji ba'a dora masa injekta sai in an rubuta a jikinsa cewa yana daukar matsi.

Hattara: in kontiras ya fita karkashin fata, tsayar da allura nan take, daga hannun, dora abu mai sanyi, rubuta yawan da ya fita, a kira likita ya duba. In kumburi na karuwa ko yatsu sun fara mutuwa wannan na likitan tiyata ne, ba'a jira.

5. Numfashi, inda aka fi faduwa

Duk hoton kirji da muka koya ana cewa ja numfashi sosai ka rike. Toh a wannan hoton wannan maganar ce ke kashe aiki. In mutum ya zuki iska da karfi, kirji na zuko jini daga babbar jijiyar kasa, wacce ke dawo da jinin ciki da kafafu, kuma wannan jinin babu digon kontiras a ciki. Sai ya kwararo zuciyar dama ya ture mai kontiras din na yan dakiku, daidai lokacin da inji ke dauka. Sai kaga babbar jijiyar sama fari tas, awota, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya zuwa jiki, ita ma fari, amma jijiyar huhu da ake nema a tsakiya ta dushe. Kanula lafiya, lokaci daidai, hoto ya baci. Wani kuma in ya rike sai ya hada da yunkuri kamar mai nakuda, wannan kuma yana tare jinin da ke dawowa kirji ne gaba daya, kontiras ya tsaya a kafada.

Abinda ake so shine ya yi numfashinsa na kullum, in akace tsaya ya tsaya a inda yake, baki a dan bude. Bude bakin nan dabara ce mai kyau don da wuya mutum yayi yunkuri baki a bude.

Yanzu ga matsalarmu ta nan. Muryar da ke cikin injin da Turanci take magana, kuma abinda aka saita mata shine a ja numfashi a rike. Baba daga kauye bai ji me tace ba sai yaci gaba da numfashi, dan boko kuma yaji sarai sai ya zuki iska iya karfinsa, duka biyun an yi asara. Yawancin injina na bada damar ka dauki muryarka ka saka, in baka iya ba ka tambayi injiniyan da ke zuwa sabis. Ka dauka da Hausa, gajere: tsaya da numfashi, sannan a karshe, yi numfashi. In kuna samun Fulani ko Kanuri ko Zabarmawa da yawa a nemi wanda zai dauka da harshensu. In ba hali ka kashe muryar injin kayi magana da makirfo da kanka.

Kuma kar ka bari sai yana cikin inji zai fara jin maganar. Ka gwada dashi sau biyu ko uku yana kwance, tafin hannunka a cikinsa. Ni ga yadda nake fada: Baba, zan ce maka tsaya, in kaji haka kar ka ja iska, kar ka yi nishi, kawai ka tsaya cak kamar wanda yaji motsi a bayan daki yana saurare, bakinka a bude. Sai mu gwada. In naji cikin ya taso ko ya yi tauri nasan bai gane ba, mu sake. Minti biyu ne kawai, kuma sun fi duk wani saiti da zakayi a kwamfuta amfani.

Sai zafin kontiras. Ka gaya masa tun da wuri: Hajiya zakiji dumi ya bi jikinki har kasa kamar kin saki fitsari, ba fitsari bane, bakinki zaiyi dandanon karfe, duk zai wuce yanzu. In baka fada ba, lokacin da dumin ya taso ne zata firgita ta ja dogon numfashi tana salati, kuma daidai nan ne inji ke shirin dauka.

Hattara: wanda ke haki sosai kar ka tilasta masa rikewa. Zai rike dakika biyu ya saki da karfi a tsakiya, wannan yafi muni. Ka sa masa oksijin na yan mintuna kafin a fara, ka barshi yayi numfashi a hankali sama-sama, kai kuma ka sa inji a mafi saurin juyinsa. Mai tari a bashi lokaci ya yi tarinsa ya lafa tukun.

6. Kwanciya

Rigingine, hannaye sama da kai akan matashi, amma kar a mike su can baya da karfi don hakan na matse jijiya a karkashin kashin wuya. Hannun kanula ya zama a mike ba lankwasa. Wanda bazai iya daga hannu ba a dora masa su akan ciki bisa matashi, kar a barsu a gefe suna zana layuka a hoton.

Karfe duk a cire: sarka, fil din hijabi, rigar mama mai waya, laya, wayoyin awon zuciya a janye su gefe. A samu ma'aikaciya mace ta taimaka wa mata, in ba haka ba kunya zata sa ace an cire alhali ba'a cire ba. Sannan ka daidaita tsayin gado kirji ya zauna a tsakiyar ramin injin.

7. Saitin inji

Rage kVp na kara hasken aidin da ke cikin kontiras, wannan kyauta ce da mutane da yawa basa dauka. Siriri 80, matsakaici 100, sai mai jiki sosai 120. A 80 ko 100 kontiras din daya zai fito da haske fiye da a 120, kuma hasken da mara lafiya ke sha ya ragu. Yanka sirara, milimita 1 ko kusa da haka.

Gudun allura mil 4 zuwa 5 a dakika. Yawan ruwa kuma lissafi ne, gudu sau tsawon lokaci: mil 4.5 na dakika 15 ya baka wajen mil 68. Abin lura shine allurar ta dade har ta rufe lokacin daukar. Inji mai yanka 64 zuwa sama yana gama kirji cikin yan dakiku, mai yanka 16 na iya kaiwa dakika 10 ko fi, don haka mai tsohon inji yana bukatar ruwa da dan yawa, kar ya kwafi saitin wani asibiti mai sabon inji. A bi da ruwan gishiri mil 30 zuwa 50 da gudu iri daya, shi ke turo ragowar kontiras din da ya makale a hannu.

A inji mai jinkiri na fi son dauka daga kasa zuwa sama, saboda gindin huhu ne yafi motsi in numfashi ya kwace, kuma can gudan jini yafi zama, gara a gama dashi tun mutum na da karfin rikewa.

8. Kama lokaci

Kar ka yi aiki da kayyadadden jira, wai dakika kaza ga kowa. Zuciyar kowa da gudunta. Yi amfani da bibiyar kontiras: dauki yanka daya daidai inda makogwaro ya rabu biyu ko kasa kadan, nemo uwar jijiyar huhu, dora da'ira a tsakiyarta, karama wacce bata taba bango ba. Saita ta tashi a 100 ko zuwa 150 HU, wato ma'aunin haske a hoton CT, jira bayan tashi ya zama gajere, dakika 4 zuwa 6, iya abinda gado zai matsa a fadi maganar numfashi.

Hattara: dalibai na yawan dora da'irar a awota mai hawa don suna makwabtaka kuma ita tafi zama kulu a ido. In kayi haka ka makara. Uwar jijiyar huhu na gefen hagun mara lafiya, ka bita da ido zakaga ta rabu biyu.

Hattara: yatsanka ya zauna akan maballin farawa da hannu. Numfashi na iya fitar da da'irar daga jijiya, ko hasken babbar jijiyar sama ya yaudari inji ya tashi da wuri. In idonka yaga jijiyar ta cika inji bai tashi ba, danna.

Wanda injinsa baya bibiya sai yayi gwaji da mil 15 zuwa 20, ya ga dakikar da haske ya kai kololuwa, ya gina jiransa a kai.

9. Mutane hudu da saitin kullum baya yi musu

Mai ciki. Ruwan jininta ya karu da kusan rabi, zuciya na harbawa da sauri, sai kontiras ya tsinke ya kuma wuce da wuri, ga cikin na kara turo jinin kasa in ta ja numfashi. Shiyasa hotonsu yafi na kowa baci, kuma sune wadanda bamu so ko kadan a maimaita musu. Kafin ma a kai ga CT, in kafa daya ta kumbura a fara da dofla na kafa, wato sikanin na jijiyoyin kafa, in an ga gudan jini a can magani daya ne, an huta. Akwai kuma tsarin YEARS da aka gyara domin masu ciki a 2019, wanda ke rage masu bukatar hoton. In dole sai anyi: kanula kore, gudu 5 zuwa 6, jira gajere, numfashi mara zurfi, a takaita tsawon wurin dauka, kuma wanda yafi kowa kwarewa a dakin shi zai zauna a kujera ranar.

Mai jego. A kasar Hausa raunin zuciya bayan haihuwa ba bakon abu bane, likitocin Zariya da Kano da Sakkwato sun dade suna rubutu a kai. Mace ta zo da haki sati kadan bayan haihuwa, ana zargin gudan jini, alhali zuciyar ce ta saki. Irin wannan kontiras na tafiya a hankali kamar mai jin barci, sai ka kara hakuri a bibiya kar ka dauka kanula ce ta fita, kuma kwanciya rigingine na wahalar da ita don haka ka gama shirinka kaf kafin a kwantar da ita. In anyi eko tun farko ma wani lokacin an samu amsa. Kuma a gaya mata ba sai ta daina shayarwa ba saboda kontiras.

Mai sikila. Jijiyoyi sun sha allura sun buya, karancin jini yasa zuciya na gudu, ga ciwo baya barinsa ya kwanta shiru. A bashi maganin ciwo tukun, a tabbatar ba'a bushe yake ba, a nemo wanda ya iya saka kanula ko da na'urar sikanin ce.

Mai kiba sosai. Kara kVp da mA, wato yawan hasken inji, kara gudu da yawan kontiras, in hoton yayi yashi a sake gina shi da yanka mai dan kauri.

10. Duba kafin ya sauka daga gado

Kar ka cire kanula, kar ka ce sannu Baba an gama. Bude hoton, dora da'ira a uwar jijiyar huhu. 250 HU zuwa sama ka ci. Tsakanin 200 da 250 yawanci ana karantawa. Kasa da 200 sai a tsaya a duba. Saita taga, wato saitin hasken da ake kallon hoton dashi a allo, fadi 700 tsakiya 100, sannan ka leka tagar huhu ka gani ko jijiyoyi sun rabu biyu-biyu saboda motsi.

In bai yi ba, toh kar kayi saurin maimaitawa, kira radiyolojis ya gani tukun. Sau da yawa hoton da ka raina ya amsa tambaya. In ga gudan jini nan zaune baro-baro a babbar jijiya, motsin da ke gindin huhu ba zai canza magani ba. Wani lokacin matse taga ko sake ginawa da laushin saiti na fito da abinda ya buya, kuma masu inji mai karfi biyu suna iya sake ginawa a 40 zuwa 50 keV hasken aidin ya dawo ba tare da an kara allura ba.

Hattara: kar a nemi gudan jini a hoton da aka gina da saitin huhu mai kaifi, yana kirkiro tabo a cikin jijiya wanda babu shi.

11. In dole sai an sake

Ka fara gano me ya faru, in ba haka ba kuskuren zaka maimaita da kudin wani. Hoton da kansa zai fada maka. Jijiyar sama da zuciyar dama fari, awota babu komai, huhu bai cika ba: kayi wuri. Awota fari, jijiyar sama ta wanke: ka makara ko ruwan yayi kadan. Sama fari, awota fari, tsakiya a dushe: numfashi ne, koma mataki na 5. Ko'ina babu haske: duba hannu da katifa. In kuma awota na cika kusan tare da zuciyar dama, ka nuna wa radiyolojis, wata kila akwai kofa a bangon zuciya da jini ke ketarawa.

Gyara wannan abu dayan. Likita ya amince da karin kontiras bisa yanayin koda. Sannan ba dole a sake kirji gaba daya ba, huhun kansa ai ya riga ya fito a na farko, sai a takaita daga bakan awota zuwa kasan zuciya, ko iya bangaren da ya baci. Sau daya ake sakewa. In na biyu bai yi ba a koma dofla na kafa da eko, ko hoton nukiliya na iska da jini inda ake dashi, likita ya yanke da abinda ke hannu.

12. Faifai da littafi

Duk wanda akayiwa hoton a bashi faifai mai dauke da siraran yankan gaba daya, ba fim kadai ba, kuma ka bude faifan a wata kwamfuta ka tabbatar yana budewa kafin ya tafi. Ka ce masa ya ajiye shi tare da katin asibiti, duk inda aka tura shi ya tafi dashi.

Sai littafi, ko kwafi mai layi ya isa. Kowane CTPA a rubuta kwanan wata, nauyi, launin kanula da inda aka saka, gudu, kVp, HU na uwar jijiya, an sake ko ba'a sake ba, da dalili. Karshen wata ku zauna minti goma ku kirga. Ba don a kama wani ba, don in aka mayar dashi abin tuhuma kowa zai daina rubuta gaskiya. Mu da muka fara namu, abinda ya fito fili shine hotunan dare sun fi baci, muka bibiya sai muka ga da daddare ana karbar kanular wod yadda tazo saboda babu mai saka sabuwa a kusa. Sai muka ajiye kwalin kore da ruwan hoda a dakin CT din kansa, a durowar da ke karkashin injekta, makullinta a hannun mai dutin dare.